Farin Layin da Ya Shiga Lambun Gwaggo

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, mun gyara zama.

To, ku gyara da kyau, don wannan tafiya ce mai gangara.

An yi wani mutum ana ce masa Mai Layi. Farin layin nan da kuke gani a tsakiyar titi, wanda yake raba masu tafiya da masu dawowa, jansa shi ne aikinsa. Ba tun asali ba fa. Ya daɗe yana riƙon jar tuta, yana tsaye cikin rana yana tsai da motoci, abokan aikinsa na shafa fenti shi yana shan zagin direbobi. Sai a 'yan kwanakin nan Allah ya ɗaga shi, Ogansu ya damƙa masa injin ja layi. Wani inji ne mai taya da tanki da mariƙi irin na keke, da ɗan baki a ƙasa da yake fesa fenti. In ka ja igiya ya tashi, shi da kansa yake tafiya, kai dai ka bi shi kana saitawa.

Tun ranar da ya kama mariƙin injin nan hula ta daina shiga kansa.

"Duk wanda ya fita daga gidansa ya dawo lafiya," in ji shi, "ni ya kamata ya zo ya gaisar. Masu zane su yi a takarda su rataye a bango, ƙuda ya sauka a kai. Ni zanena manyan motoci ke yi wa biyayya."

Ana nan sai rufin siton ma'aikatarsu ya lalace, aka shiga gyara, ga kuma ranar hutu ta zo. Oga ya kira shi ya ce ya tafi da injin gida ya adana.

"Ka ga tankin nan? Cike yake fal. Haka nake so in same shi. In ka taɓa shi, ka koma tuta. Ka ji ni ko?"

"Haba, ranka ya daɗe! Ko inuwata ba za ta faɗa kansa ba."

Ya turo inji har falo, ya fitar da kujerar matarsa waje, ya lulluɓe shi da zanen gadon da ake shimfiɗa wa baƙi. Matar ta dubi kujera, ta dubi inji, ta ce, "Maigida, shi ma in zuba masa abinci ne?"

"Ba ya cin irin namu," ya ce.

Gidansu yana wani lungu ne da ya ɓalle daga babban titi, ya gangara, ya gangara, ya raɓa wata ƙatuwar bishiya da ke tsaye a tsakiyarsa, sannan ya je ya ƙare a lambun Gwaggo. Daga nan ba ya ɓullewa ko'ina. Gwaggon nan ƙanwar mahaifinsa ce, maginiyar tukwane, tsohuwa mai ƙaramin jiki da babbar murya. Tana da ɗa mai aski, shagonsa na gefen bishiyar, shi ne taubashin Mai Layi. Tun suna yara ba su taɓa haɗuwa sun rabu ba tare da ɗaya ya tsokani ɗaya ba.

Lokacin kuwa sanyi ya naɗe tabarmarsa, zafi bai iso ba. Itatuwa sun yi sabon ganye, lambun Gwaggo ya fashe da furanni, ja da rawaya da shuɗi da wasu da ba a san sunan launinsu ba. Ƙamshi har bakin titi. Gwaggo ta fito da sababbin tukwanen shuka da ta gasa, ta jera a kan dogon tebur mai mayafi har ƙasa, matan lungu suka taru da ƙananan burushi da gwangwanayen fenti. Wannan na zana fure, waccan na zana tsuntsu, ana hira, ana dariya, malam-buɗe-littafi na yawo a kansu.

Sai ga Mai Layi, hannu a baya, yana tafiyar mai duba aikin yara.

"Sannunku da wasa."

"Yauwa, ɗan nan," in ji Gwaggo. "Ka tsaya daga can, kana tare mana iska."

Ya ɗauki tukunyar matarsa ya juya. "Wannan mene ne?"

"Fure."

"Ina ya dosa?"

"Fure ne fa, Maigida. Ba ya zuwa ko'ina."

"Shi ne matsalar. Zanen da bai nufi ko'ina ba ɓarnar fenti ne."

Mai Aski, da ya bar shago ya zo shan ƙamshi, ya ce, "Inna, ku ba Injiniya burushi mana. Yau mu ga yadda manya ke yi."

"Bawana ya yi magana," in ji Mai Layi. "Kawo."

Aka ba shi tukunya da burushi. Ya ƙi zama a tebur. Ya kai tukunyar tsakiyar fili ya ɗora a kan wani kututture, ya tsoma burushi a farin fenti, ya ɗora a jikin tukunya, ya duƙa, ya fara zagaya ta da ƙafa.

Matarsa ta ce, "Ka zauna ka riƙa juya ta a hannu mana."

"A wurinmu ba a juya titi. Titi yana nan inda yake, ma'aikaci ne ke tafiya."

Ya zagayo ya dawo, sai ya tarar ƙarshen layi ya wuce ta ƙarƙashin farkonsa, ba su haɗu ba. Ya ce bari ya kamo shi a zagaye na gaba. Ya ƙara sauri. Layi ya ƙara yin ƙasa, shi ma ya ƙara duƙawa. Ya zagaya, ya sake zagayawa, har dai ya zama tukunya ce tsaye lambu ke juyawa. Ya miƙe don ya yi bayani, ƙafafunsa suka ɗauke shi gefe guda, ya tafi taga-taga ya zube a cikin jajayen furanni. Ya taso da ɗaya a bayan kunne.

"Kai, ango ya sha ado!" in ji Mai Aski.

Mata suka kwashe da dariya har wata na dukan tebur.

Mai Layi ya karkaɗe riga. "Gwaggo, tukunyarki ce ba ta da gaskiya. Abu ba farko ba ƙarshe, ta ina mutum zai kama shi?"

"Haka uwata ta gina, haka na gina, ba wanda ya taɓa faɗuwa sai kai."

"Kuma wannan tsinken da kuka ba ni ba kayan aiki ba ne. Dubi tulin da ya rage muku, kafin ku gama furannin sun bushe. Da kayan aikin gaske, duk tukwanen nan wucewa ɗaya zan yi musu."

Matarsa ta ajiye burushi. "Maigida. Kada ka ce abin da nake zato."

"Ban ce komai ba."

"Oga ya ce..."

"Cokali ɗaya ne! Tankin nan ko sani ba zai yi ba."

Gwaggo ta ce, "Wanda ya taɓa mini tukunya ya taɓa tsautsayi." Ta tashi ta shiga ciki ɗora wa mata ruwan shayi.

Tana ba da baya, Mai Layi ya jawo baro ya fara loda tukwanen da ba a kai gare su ba, har da wata babbar randa da ke jingine a bango. Matarsa ta riƙe baro, ya ce ta saki, ta ce ba za ta saki ba. Mai Aski ya shiga tsakani ya ce, "Haba matarmu, ki bar mutum ya nuna baiwarsa." Ya kama baro da kansa ya taya turawa. Da aka tambaye shi daga baya me ya sa, cewa ya yi irin wannan kallon ba kullum yake zuwa har ƙofar shago ba.

Suka hau da tukwane can saman lungu. Mai Layi ya kwantar da su a gefensu, ɗaya bayan ɗaya, ya tokare kowace da ɗan dutse. Dabararsa ita ce in ya iso kansu ya karkata bakin inji gefe, ya wuce, kowace ta fito da farar ɗamara. Ya ja igiyar awo, ya rufe ido ɗaya, ya gyara wannan, ya matsar da waccan. Sannan ya je ya turo inji, ya wuce tukwanen, ya nufi babban titi.

"Ina kuma za ka?" in ji Mai Aski. "Ga tukwane nan."

"Jahilci dai ciwo ne. Layi ba ya farawa daga sama kamar ruwa. Sabon layi sai an ɗaura shi a jikin tsoho. Zo, tsai da mini motoci."

Ba tuta, don haka Mai Aski ya cire jan mayafin da yake ɗaura wa masu aski a wuya, ya tsaya yana kaɗawa. Motoci suka tsaya. Mai Layi ya kai inji tsakiyar titi, ya ɗora bakinsa daidai kan tsohon layi, ya tofa yawu a tafi, ya ja igiya.

Inji ya yi tari, ya yi gurnani, ya kama. Mai Layi ya lanƙwaso wata kwana mai kyan gaske daga tsakiyar titi zuwa cikin lungu, fara tas, kamar an zuba madara. Sai dai rurin injin nan ya girgiza ƙasa. Duwatsun tokare suka yi tsalle ɗaya bayan ɗaya. Tukunyar farko ta motsa, ta yi kamar tana shawara, sannan ta mirgina. Ta biyu ta bi ta. Randa, da yake babba ce, ta bari yara suka wuce, sannan ta biyo baya da nauyinta.

"Injiniya, aikinka ya gudu!"

"Ba inda za shi!"

Ya ƙara wa inji wuta ya bi su.

"To kashe feshin mana!" Mai Aski na gudu a gefensa yana ihu.

"A gangare? Ka san me yankakken layi yake nufi? Izini ne mota ta wuce mota! So kake a yi karo a ce ni ne?"

Haka suka gangaro. Tukwane a gaba, inji a tsakiya, Mai Layi a baya riƙe da mariƙi, ƙafarsa wani lokaci na taɓa ƙasa wani lokaci ba ta taɓawa. Tukwane suka yi dama, ya yi dama. Suka yi hagu, ya yi hagu. Wani mai wanki ya shanya baƙin wando a kan dakali ƙafafunsa sun zubo ƙasa, layi ya bi ta kansu.

"Kada a taɓa, bai bushe ba!" in ji Mai Layi.

Wani mutum da Mai Aski ya bari a kujera da rabin kai ya gaji da jira ya leƙo waje, layi ya bi ta kan takalmansa duka biyu.

"Kada ka motsa, bai bushe ba!"

Bawan Allah ya ƙame a wurin, rabin kai na sheƙi.

Wata agwagwa ta fito da 'ya'yanta za su tsallaka. Uwar ta tsira. Autan, da ya tsaya tsintar wani abu, ya ƙarasa gida da farar wutsiya.

Ƙananan tukwane suka raɓa bishiya suka wuce. Randa kuwa ta bugi saiwa, ta karkace, ta shiga zagaya bishiyar. Mai Layi ya ce ai babbar ce abin nema, ya bi ta. Ta zagaya, ya zagaya. Wani dattijo da ke barci a gindin bishiyar ya farka ya ga randa ta wuce, inji ya wuce, maƙwabcinsa ya wuce yana cewa "Barka da hutawa, Baba." Ya rufe ido. Ya sake buɗewa ya ga randa ta wuce, inji ya wuce, "Barka da hutawa, Baba." Ya ja mayafi ya rufe kai ya ce shi kam ba zai ƙara barcin hantsi ba.

Randa ta samu kanta ta miƙe lambu. Mata suka watse da burushi a hannu. Inji ya shiga ta tsakanin jan fure da rawaya, ya ratsa fili, ya yi tari, ya fesa iska, ya sake tari, ya kafe hanci a bakin ramin da Gwaggo ke kwaɓa yumɓu. Shi ya tsaya. Mai Layi bai tsaya ba. Ya wuce ta saman mariƙi ya shiga ramin har ƙugu.

Daidai nan Gwaggo ta fito da faranti da kofuna.

Ta dubi ɗan yayanta a rami. Ta dubi farin layin da ya taso daga sama ya ƙare a ƙafarta. Ta dubi tukwanenta, sun bazu cikin furanni, wannan a kwance, waccan a kife, biyu sun fashe. Ko ɗigon fari babu a jikin ɗaya.

"To," ta ce. "Wacce ce ka yi wa fentin?"

"Gwaggo, wannan share fage ne."

Matarsa ta nufi inji. Ta je ta ƙwanƙwasa tanki da ɗan yatsa. Tanki ya amsa da muryar gwangwanin da ba kowa a ciki. Ta dube shi. Ya dubi furanni.

Ana cikin ciro shi daga rami sai aka ji hon. Wata ƙaramar mota mai alamar koyon tuƙi tana gangarowa a hankali. Ta zo bishiya ta zagaya, ta sake zagayawa, ta taho ta tsaya a ƙofar lambu. Wani magidanci ne a sitiyari, gumi ya jiƙa shi, malaminsa na gefe ya dafe kai.

"Malam ne ya ce kome za a yi kada in rabu da layi," in ji mai koyo. "Na ci jarrabawar?"

Kafin a ba shi amsa, sai ga bas. Babbar bas, cike da fasinja. Ta cika lungu bango zuwa bango, ta zagaya bishiya tana karya rassa, ta zo ta numfasa a bayan ƙaramar motar. Direba ya leƙo.

"Nan ne ina?"

"Gidana ne," in ji Gwaggo. "Kai makaho ne? Ba ka ga lungu ba ne?"

"Iya, ni tun ina saurayi layi nake bi, ban taɓa tambayarsa ina za shi ba."

Bayan bas ga motar ruwa. Bayanta ga mai kai burodi. Bayansa ga wata motar kaya ɗauke da katifu. Na gaba ba hanya, na baya bai san haka ba, kowa sai shigowa yake yana zagaya bishiya. Dattijon nan ya ɗauki tabarmarsa ya hau reshe.

Fasinjoji suka sauko da niyyar faɗa. Wata mata mai jaka ta fito tana cewa a nuna mata wanda za ta shaƙe. Ta taka lambu, ƙamshi ya bugi hancinta, ta ce, "A'a, wannan shuɗin fa, yaya ake shuka shi?" Gwaggo, da yake ba ta son ganin hannu zaune, ta ce, "Tunda kun zo, ku tsinto mini tukwanen can." Suka tsinto. Ta miƙa wa kowa burushi. Kafin ka ce me, lambu ya cika da baƙi a zaune kan ciyawa, kowa da tukunya a cinya. Direban bas ya fito da harshe gefe yana zana wani ɗan fure, yana gargaɗin mai burodi kada ya gogi gwiwar hannunsa.

Mai Layi kaɗai ne ba ya jin ƙamshi. Ya samo bokiti da sabulu da tsintsiya ya durƙusa yana dirzar layi. Layi sai ƙara haske yake.

"Ba kai ka ce fentinku ko ruwan shekara ba ya fitar da shi ba?" in ji matarsa.

"Na faɗa. Kuma kin ga ban yi ƙarya ba."

Sai ga Mai Aski ya sheƙo daga sama, yana bi ta tsakanin motoci, dariya ta hana shi numfashi.

"Injiniya! Ka san wata farar mota mai rawayar fitila a ka? Da wani mai tumbi a ciki, da tsohuwa a gefe?"

Tsintsiya ta faɗi daga hannun Mai Layi.

Oga ne. Ya ɗauko mahaifiyarsa zai kai ta kallon furanni a babban lambun gari, shi ma ya bi layi.

Nan fa matar Mai Layi ta nuna ita ce matar gida. Ta kira mata suka ja inji gefe, suka yafa masa zane, suka jera tukwanen furanni a kansa, ya koma kamar kantar ado. Ta kama mijinta, yumɓu har wuya, ta cusa shi ƙarƙashin dogon teburin, ta saki mayafi.

"Bai san nan kake zaune ba. Ko tari ka yi, ni da kai ne."

Oga ya iso a ƙafa, yana riƙe da hannun tsohuwarsa. Ita tana ganin lambu ta ce, "Kai, ashe wurin ma kusa ne," ta saki hannunsa ta nufi inda ake raba burushi. Shi kuwa ya tsaya a ƙarshen layi, hannu a ƙugu.

"Wa ya ja wannan?"

Kowa ya duƙufa kan tukunyarsa.

"Mu dai mun gan shi ne kamar yadda ka gan shi, ɗana," in ji Gwaggo. "Za ka sha shayi?"

Oga ya ɗaga hannu alamar a'a. Ya duƙa ya shafa layi, ya shinshina yatsa. Ya dubi kantar furannin nan mai taya a ƙasa. Ya dubi mayafin tebur, inda wasu yatsun ƙafa masu yumɓu suka ɗan leƙo. Ya shafa tumbi, ya gyara murya.

"Ba don faɗa nake tambaya ba, Iya. Na daɗe a aikin nan, amma kwanar da aka yi wa bishiyar can ban taɓa ganin irinta ba. Faɗinta ɗaya daga farko har ƙarshe, ba rawar hannu, ba ɗigo. Wannan hannun gwani ne."

Mayafin tebur ya motsa. Matar Mai Layi ta kai masa ƙafa.

"Ina da wani yaro da na ba inji kwanan nan," Oga ya ci gaba. "Da farko shi na zata. Amma ina! Wancan miƙaƙƙen layi ma sai an riƙe masa hannu."

Tebur ya yi ƙara. Gwangwanayen fenti suka girgiza.

Mai Aski ya matso, ya sunkuyar da kai kamar mai kunya. "Ranka ya daɗe, tunda abin ya zama haka, ba zan ɓoye ba. Ni ne."

"Kai?"

"Ni. Da hannun hagu ma, dama na riƙe da almakashi."

"Madalla! To ka same ni a ofis, irinku muke nema."

"ƘARYA NE!"

Tebur ya tashi sama gaba ɗaya. Gwangwanaye suka kife, ja da shuɗi da kore suka kwararo. Daga ƙarƙashi wani abu ya miƙe, yumɓu a ƙasa, launi bakwai a sama, mayafi a kafaɗa.

"Ƙarya yake, ranka ya daɗe! Wannan ko tsagar gashi ba ya iya miƙarwa, je ka dubi kan mutumin da ke tsaye a ƙofar shagonsa! Ni ne! Ni na ɗauro shi daga titi, ni na yi kwanar, kuma a guje na yi ta, ina bin randa! A tambayi Baba, yana kan bishiya!"

"Shi ne," in ji wata murya daga reshe. "Har gaishe ni ya yi."

Matarsa ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da tafi biyu. Gwaggo ta ce, "Ubanka ma haka yake, Allah ya jiƙansa."

"Da me ka ja?" in ji Oga a hankali.

Mai Layi ya taka da ƙasaita ya sauke tukwanen furanni, ya yaye zane. "Ga shi, ranka ya daɗe. Ko ƙwarzane babu."

Oga ya ƙwanƙwasa tanki. Kowa a lambun ya ji amsar, har direban bas ya ɗago kai. Mai Layi ya tsaya da zane a hannu, murmushinsa na sauka a hankali, don sai yanzu ya tuna dalilin shigarsa ƙarƙashin tebur.

"Ranka ya daɗe... amma kwanar fa, da gaske kake?"

"Kwanar ta yi kyau."

"Alhamdu lillahi."

"Tuta."

"Ranka ya daɗe..."

"Tuta, na ce. Daga yanzu. Ka hau sama ka fitar mini da motocin nan da baya da baya, ɗaya bayan ɗaya. Baƙin fentin da za a shafe layin yana kulle a sito, sai an gama rufi. Kafin nan kullum kana bakin lungun nan kana mai da motoci."

Mai Aski ya miƙa masa jan mayafin aski da hannu biyu. "Aro ne fa, Injiniya. A wanke kafin a dawo da shi."

Daga cikin furanni tsohuwar Oga ta ɗaga murya. "Kai, bar ɗan mutane haka nan, zo ka riƙe mini tukunyar nan, hannuna na rawa." Oga ya je ya tsuguna. Bai samu fita ba sai da rana ta yi ja, don motarsa ta maƙale tsakanin katifu da burodi, direban bas kuma ya ce ba ya tashi sai ya gama ganyen furensa.

Washegari aka ga Mai Layi a bakin lungu da jar tuta, cikin rana, kamar da. Mota ta taho ta biyo layi, ya ɗaga tuta, ta tsaya.

"Malam, hanyar nan ba ta ɓullewa," ya ce wa direban. "Sai ka koma."

"To, na gode." Direba ya sa giyar baya.

Mai Layi ya waiga dama, ya waiga hagu, ya duƙo kan taga ya rage murya.

"Amma in ba sauri kake ba, ɗan shiga ka ga kwanar bishiyar. Oga da bakinsa ya ce bai taɓa ganin irinta ba."

Ya sauke tuta. Mota ta shiga. Ta bayanta ma ta bi.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera. Tatsuniya ta kawo mu bakin titi, kowa ya duba dama da hagu kafin ya tsallaka gida.